Neman Tsakiya: Yadda Batir Mai Kai Biyu Ya Kawo Sauti Kunnen Sakkwato

Duk batirin da ake sayarwa a kasuwar Sakkwato, na tocila ne, ko na mota, ko siririn nan da ke cikin wayar hannu, kawuna biyu gare shi: ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Wutar da yake bayarwa hanya ɗaya ta sani, daga wannan kai zuwa wancan, ba ta juyawa. Sauti kuwa kai da komo ne. Idan makaɗi ya doki kalangu, fatar takan lotsa ciki, ta bunƙaro waje, ta sake lotsawa, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, kuma kullum a gefe biyu na wurin da take kwance kafin a doke ta. Haka ake so ɗan faifan da ke cikin lasifikar kunne ya yi. Dole wutar da ke tura shi ta yi gaba ta yi baya a kan wata tsakiya, alhali batir bai zo da tsakiya ba.

Manyan na'urorin ɗakin ɗaukar sauti ba su da wannan damuwa, domin wutarsu layi biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da waya ta uku a tsakaninsu wadda ba ta ɗauke da komai. Wannan waya ta uku ita ce ma'aunin da ake auna sauran da shi, masu aikin lantarki kuma suna kiran ta ƙasa. Amma wanda batir ɗaya kawai ke hannunsa, wato wuta mai layi ɗaya, sai ya nemo tsakiyar da dabara.

Injiniyoyi sun ba da amsa huɗu ga wannan matsala a cikin ƙarni guda. Kowace amsa ta iso Sakkwato a cikin wata na'ura, kuma har gobe ana iya samun dukkansu a kan teburin mai gyaran rediyo ɗaya. Wanda zai haɗa amfilifayar lasifikar kunne a yau, ko zai saya, daga cikin huɗun nan zai zaɓa. Kuskuren zaɓi kuma yana iya cin lasifika, ko wayar hannu, ko ma jin mai sauraro.

Sautin da ya riga wuta zuwa

Sakkwato gari ne na sauraro tun kafin a ƙera rediyo. Da baki matan nan da ake kira jaji suka kai waƙoƙin Nana Asma'u ƙauyuka, da kunne kuma aka karɓe su. Da rediyo ya zo Arewa, ta waya ya fara shigowa. A 1944 ma'aikatan gidan waya suka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a Kano, masu hali kuma suka yi hayar akwatin da ake jawo masa waya har gida. Tsarin yana da iyaka bayyananniya: sauti ba ya wuce inda waya ta tsaya.

Rediyon da ke kamo tasha da kansa a lokacin mai kwalba ne, wato yana aiki da wasu ƙwayaye na gilashi da sai sun yi zafi suke ƙara ƙarfin sauti. Irinsa na batir yana buƙatar wuta iri biyu, bolt 1.5 na zafafa kwalaben da kuma kimanin bolt 90 na aikin kansa. A 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wani mai araha domin masu sauraro a Arewacin Rodeshiya, Zambiya ta yau, wanda aka yi jikinsa da irin tukunyar girki ta alminiyam, ana sayar da shi fam 5. Wannan ya nuna inda gizo ke saƙar a Afirka: akwai mai sauraro, babu wuta a gidansa.

Tiransisto ne ya sauya lissafin. An ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell na Amurka a ƙarshen 1947. A 1954 rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, ya fito da batir mai bolt 22.5. A 1957 kamfanin Sony na Japan ya fito da TR-63 mai bolt 9, a shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri ranar 13 ga Maris. A 1962 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, jihar kuma ta samu muryarta a gidan rediyon Rima. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, aka kafa NEPA a 1972, amma turakun wuta a hankali suka riƙa bin unguwanni da ƙauyuka. Rediyo bai jira su ba. Manomi a fadamar Rima da falke a hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni sun rataya shi a kafaɗa, sun ciyar da shi da batiran tocila irin su Berec, daga baya kuma Tiger Head.

Tun daga nan, na'urar sauti ta yawancin mutanen wannan ƙasa mai layi ɗaya ce. Matsalar tsakiya matsalarsu ce, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Amsa ta farko: tiransifoma

Dabarar da kowa ya fara da ita mai sauƙin fahimta ce. Yaron da ke kan lilo, idan aka ɗaura lilon jikin bango, gaba kawai zai iya zuwa. Sai an matso da shi tsakiyar fili zai yi gaba ya yi baya. Haka ake yi wa amfilifaya: a tsayar da bakin fitarta a rabin ƙarfin batir. Idan batirin bolt 9 ne, sai ta zauna a 4.5, ta riƙa hawa zuwa wajen 9 tana sauka zuwa wajen sifili.

Sai dai wannan rabin wuta ce tsayayya, ba sauti ba ce, kuma guba ce ga lasifika. Yawancin lasifikokin kunne na yau turjiyarsu om 32 ce, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta. Bolt 4.5 a kan om 32 yana haifar da zafin da ya haura rabin wat a cikin siririn zaren waya, alhali 'yan miliwat kaɗan, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, sun ishi kunne. Faifan zai karkace gefe guda, zaren kuma ya ƙone. Saboda haka ana buƙatar mai gadi da zai bar sauti ya wuce, ya tare tsayayyar wuta.

Mai gadin farko tiransifoma ce: naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna. Wutar da ke canzawa kaɗai ke tsallakawa daga naɗi zuwa naɗi, tsayayya ba ta wucewa. Rediyon kwalba da ita ya dogara, haka ma ƙananan rediyo masu tiransisto shida da Japan ta cika duniya da su a shekarun 1960. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan irinsu ya ga 'yan tiransifoma biyu kamar ƙwayar sukari. Ta biyun tana da waya a tsakiyar naɗinta inda batir ke shiga, tiransisto ɗaya ya ja rabin sautin ta wannan gefe, ɗayan ya ja sauran rabin ta wancan. A waɗannan rediyo ne kuma ramin nan mai faɗin milimita 3.5 ya yaɗu, inda ake cusa ɗan abin kunne guda, lasifikar waje ta yi shiru. Da shi mutum ya fara jin labaran duniya shi kaɗai, a kan tabarmarsa, ba tare da ya tashi mutanen gida ba.

Tiransifoma tana da tsada, tana da nauyi, ƙaramarta kuma ba ta iya ɗaukar sauti mai kauri. Tiransistocin wancan zamani na jamaniyam ne, ma'adinin da ba ya jure zafi: yana ɗumama sai ya ƙara jan wuta, jan wutar ya ƙara ɗumama shi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Zuwan tiransiston silikon ya rage matsalar zafi, wata dabara kuma ta sallami tiransifomar.

Amsa ta biyu: kondensa

A 1956 wani injiniya na kamfanin RCA a Amurka, H. C. Lin, ya wallafa tsarin amfilifayar tiransisto da ba ta buƙatar tiransifoma a bakin fita. Tiransisto ɗaya yana turawa daga sama, ɗaya yana ja daga ƙasa, mahaɗarsu tana zaune a rabin wuta, sai a sa babbar kondensa tsakanin mahaɗar da lasifika. Kondensa faranti biyu ne na ƙarfe da wani siririn shamaki a tsakaninsu. Kamar fatar ganga take: iska ba ta ratsa ta, amma in aka girgiza iskar wannan gefe, ta wancan gefe ma sai ta girgiza. Tsayayyar wuta ta tsaya, sauti ya wuce.

Wannan ita ce amsar zamanin kaset. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka cika kasuwannin Arewa da rakoda. Da ita waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace suka fita daga fada da dandali da ma'ajiyar gidan rediyo, suka shiga shago da mota da ɗaki, tare da kaset ɗin karatu da na tafsiri. A wannan zamani aka dunƙule amfilifaya gaba ɗaya cikin ƙwaya guda mai ƙafafu, wadda masu gyara ke kira ai-si. Mafi shahara ita ce LM386 ta kamfanin National Semiconductor: ƙafa 8, tana aiki da bolt 4 zuwa 12, tana tsayar da kanta a rabin wuta ba sai an gaya mata ba. TDA2822M kuma tana ɗauke da amfilifaya biyu, ta kunnen dama da ta hagu, tana aiki ko da wuta ta sauka ƙasa da bolt 2. Ranar 1 ga Yuli, 1979, Sony ta fito da Walkman, rakodar aljihu mai ƙananan batir biyu, bolt 3 ke nan, wadda ba ta da lasifikar waje ko kaɗan. Lasifikar kunne ta tashi daga kayan ma'aikacin gidan rediyo ta zama kayan kowa.

Kondensa tana karɓar ladanta ta hanya uku. Na farko, tana rage sauti mai kauri, kuma ana iya lissafa yawan ragin. Girmanta da maikurofarad ake aunawa. Mai 100 a kan lasifika mai om 32 takan fara yanke sauti daga girgiza 50 a daƙiƙa zuwa ƙasa. A kan mai om 16 yankan yana hawa zuwa kusan 100. In an sa mai 47 domin tsimi, a kan om 16 zai haura 200. Muryar namiji kuwa tsakanin girgiza 85 da 180 take. Kunne yana iya cike gurbin abin da aka yanke, shi ya sa labarai ke fita sarai, karin sautin Hausa ma ba ya ɓacewa. Amma tambari da ganga sukan dawo kamar ana dukan faranti. Maganin shi ne kondensa mai 470, wadda ke saukar da yankan zuwa wajen girgiza 10 a kan om 32, sai dai ta fi cin wuri.

Na biyu, ƙarar nan ta "ɓas" da ake ji a kunne lokacin kunna na'ura. Kondensar ce ke cika zuwa rabin wuta, kuma ta cikin lasifikar take shan cikar.

Na uku ya fi shafar Sakkwato. Manyan kondensa suna da ruwan sinadari a ciki, zafi kuma yana busar da shi. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85, a digiri 45 za ta yi kimanin awa 32,000, a digiri 55 kuma 16,000, wato ƙasa da shekara biyu idan ba a kashe na'urar. Cikin akwatin na'ura, a ɗaki mai rufin kwano, a watan Afrilu, digiri 55 ba abin mamaki ba ne. Tana bushewa girmanta na raguwa, sauti na ƙara sirancewa. Wadda aka rubuta wa digiri 105 da awa iri ɗaya takan ninka wancan tsawon rai sau huɗu.

Amsa ta uku: ƙasar aro

A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai sha'awar sauti, Chu Moy, ya wallafa a intanet tsarin wata 'yar amfilifayar aljihu da ta ɗauki sunansa, CMoy, wadda mutane suka riƙa haɗawa cikin gwangwanin alewa. Maimakon ya tare rabin wutar da kondensa, sai ya ɗaga ƙasar ita kanta zuwa rabin wutar. Razisto biyu masu turjiya iri ɗaya, om 4,700 kowanne, suna raba bolt 9 gida biyu, mahaɗarsu ta zama ƙasa ta aro. Daga mahaɗar, amfilifaya tana ganin 4.5 a samanta da 4.5 a ƙarƙashinta, tamkar wuta mai layi biyu. Da yake bakin fita da wayar dawowa daga lasifika duk a wuri ɗaya suke zaune, babu tsayayyar wuta a kan lasifikar, babu buƙatar babbar kondensa a hanyar sauti. Sauti mai kauri ya dawo da cikarsa.

Aro dai aro ne. Razistocin nan ba su wuce miliamfa ɗaya suke ja ba, saboda haka lasifika mai ƙaramar turjiya da ke neman wuta da yawa tana iya karkatar da tsakiyar, gefe ɗaya ya yi yawa, ɗaya ya yi kaɗan, sauti ya fara tsagewa. Kamfanin Texas Instruments yana da ƙwaya ta musamman, TLE2426, da ke riƙe tsakiyar daidai har zuwa kimanin miliamfa 20. Wasu kuma sukan ware amfilifaya ta uku domin wannan aiki kawai.

Babban haɗarin yana wani wuri dabam. Ƙasar aro tana zama lafiya ne muddin batirin amfilifayar nata ne ita kaɗai. A ɗauki gidan da ke da batirin sola mai bolt 12. An jona amfilifaya a kansa, ƙasarta ta aro tana zaune a bolt 6. An kuma jona wayar hannu caji a kan batirin nan da irin cajar mota, wadda ƙasarta ita ce kan ɗebewa na batirin, wato sifili. Da zarar an haɗa wayar sauti tsakanin su biyun, an gama bolt 6 da sifili kai tsaye. In an yi sa'a sauti ne kawai zai lalace. In ba a yi ba, wani abu zai yi hayaƙi, kuma tsayayyar wuta tana iya sauka a kan lasifikar da ke kunnen mutum.

Akwai mai kama da wannan da ya kamata a yi hattara da shi. Ƙananan allunan amfilifaya masu araha irin PAM8403, da ke aiki da bolt 5, suna tura kowace lasifika ta wayoyinta biyu a lokaci guda, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Dabara ce mai kyau ga lasifikar akwati. Amma lasifikar kunne ta gama-gari waya uku gare ta, dama da hagu suna tarayya a wayar dawowa. Wanda ya jona ta a irin wannan allo ya gama bakin amfilifaya biyu da juna, abin da masu ƙera ƙwayar suka hana.

Amsa ta huɗu: a ƙera layin da babu

A watan Agustan 2001 wayar hannu ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, ba a daɗe ba kuma ta haɗiye rediyo da rakoda. Cikin waya babu wurin kondensa mai 470, batirinta kuma bolt 3.7 ne. Ƙasar aro ba ta dace da na'urar da ake jonawa caji ana kuma jona ta da lasifikar mota ba.

A farkon shekarun 2000 kamfanin Maxim ya fito da ƙwayoyin da ya kira DirectDrive, irin su MAX4410, Texas Instruments ma ta bi da nata. Dabarar kamar ta ɗan garuwa ce: a cika wata 'yar kondensa daga batir, a cire ta, a juya kanta ƙasa, a juye abin da ta ɗebo cikin wata kondensar. Idan aka yi haka sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, gudun da ya fi ƙarfin kunne, sai a samu layi na biyu a ƙarƙashin sifili. Kan ɗebewa na batir, wanda dā shi ne ƙarshen fili, yanzu ya zama tsakiya ta gaskiya. Babbar kondensa ta tafi, haɗarin gamuwar ƙasa biyu ya kau, filin lilon kuma ya ninka, domin bolt 3 ya koma 3 a sama da 3 a ƙasa.

Wannan dangin dabara ce ke cikin yawancin wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka na yau. Ko da Apple ya cire ramin milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, amfilifayar ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi zuwa cikin ɗan igiyar da ake jonawa, ko cikin abin kunnen Bluetooth mai ɗan batirinsa. Wahalarta ga mai haɗawa da hannu ita ce ƙanƙanta: ƙafafun ƙwayoyin sun yi sirantar da kama su da dalma sai gwani, saboda haka an fi sayen su a kan allo haɗaɗɗe. Tsohuwar ƙwayar juya wuta, ICL7660, tana da sauƙin kamawa, amma gudunta na asali yana cikin abin da kunne ke ji, kuma wutar da take bayarwa kaɗan ce.

Zaɓi a Sakkwaton yau

Tun 1982 akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana nazarin hasken rana. Abin da dā ke cikin harabar jami'a yanzu yana kan rufin gidaje da shaguna da masallatai: faifan sola, da batir mai bolt 12. Wato gari ya zagayo ya dawo kan wuta mai layi ɗaya, tsohuwar tambaya kuma tana nan. Tambayoyi uku ke raba gardama.

Ta farko, wace lasifika za a tura? Mai om 16 ko 32 wuta take sha, ba ta neman bolt da yawa: bolt 3 yana iya ba mai om 32 har kimanin miliwat 35 a lissafi, wanda ya wuce buƙata. Mai om 300, irin ta masu haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa ko gidan rediyo, daga bolt 3 ba za ta samu ko miliwat 4 ba. Ita sai bolt 9 ko 12, amma kondensa mai 100 ta ishe ta, domin yankan yana can wajen girgiza 5.

Ta biyu, wa ke tarayya a batirin? In amfilifayar tana da batirinta na kanta, ƙasar aro mai ƙwayar riƙe tsakiya tana ba da sauti mai tsabta da kaya kaɗan. Wanda bai damu da kuɗin batir ba, ya jera masu bolt 9 guda biyu ya ɗauki mahaɗarsu, ya samu tsakiya ta gaskiya ba tare da wata dabara ba. In kuwa batirin gida ne da waya da fanka da fitila ke sha tare, da tsohuwar zuma ake magani: a tsayar da fita a rabin wuta, a sa kondensa mai 470 wadda aka rubuta wa digiri 105, a bar ƙasa ta zama ƙasar kowa. A tuna kuma batirin sola yakan haura bolt 14 lokacin caji, sama da iyakar aikin LM386 ta gama-gari, saboda haka a sa mai daidaita wuta irin 7809 a gabanta. Ita LM386 ɗin ma ninki 20 take yi wa sauti a mafi ƙaranci, wanda ya yi wa lasifikar kunne yawa, shi ya sa ake jin "shuu" ko ba a kunna komai ba. Ƙwaya irin NJM4556, wadda ke iya ba da miliamfa 70, in aka saita ta a ninki 2 ko 3, ta fi ta shiru nesa ba kusa ba.

Ta uku, wutar bolt nawa ce? In ta USB ce mai bolt 5, ko batirin waya mai 3.7, allo haɗaɗɗe mai ƙera layin ƙasa da kansa ya fi kowace dabara dacewa, domin shi kaɗai ke ninka ɗan filin da ake da shi.

Bayan waɗannan akwai iyakar da ba ta lantarki ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015 cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, ma'aunin da ta amince da shi ga babba kuma shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Kowace daga cikin dabarun nan huɗu tana iya wuce wannan da lasifika mai om 32. Amfilifayar da ke kai ƙarar da ake so tun maɓallin yana rubu'in hanya, ninkinta ya yi yawa, a rage shi.

Tsofaffin rakodan da ke ajiye a gidajen Sakkwato, waɗanda aka daina kunnawa saboda muryarsu ta sirance, sau da yawa ba kan kaset ne ya mutu ba, ba kuma lasifika ba. Kondensar bakin fita ce bazara talatin ko arba'in suka busar. Mai gyara zai gane ta, ita ce 'yar gwangwanin da ke kusa da wayar lasifika, wani lokaci kanta ya kumbura. In aka musanya ta da sabuwa mai girma ɗaya ko fiye, aka kula da gefen tarawa da na ɗebewa wajen kamawa, kotson Narambaɗa zai dawo da kaurinsa kamar yadda aka ɗauke shi.